Fi'ilin “Actuar” na Sifaniyanci da Kalmomin Aiki, Hali da Wasa a Hausa

1. Maƙasudi

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayanin fi'ili guda ɗaya na harshen Sifaniyanci, watau actuar, da yadda ya kamata a koyar da shi ga ɗalibi Bahaushe. An zaɓe shi ne domin ya tara ma'anoni waɗanda Hausa ta rarraba, ta ba kowace tata kalma: aikata abu, da nuna hali, da yin wasa a gaban jama'a. Ɗalibin da aka ba shi fassara ɗaya tak ya haddace, ran da ya gamu da kalmar cikin wata jimla dabam sai ya mai da aikin gaske wasa, ko kuwa ya mai da wasa aikin gaske. An tsara misalan Hausa bisa maganar mutanen cikin birnin Kano, musamman unguwannin da ke kewaye da Dutsen Dala. Abin da malaman zaure ke kira fi'ili shi ne masu nazarin Hausa a jami'a ke kira aikatau, a nan kuwa za a riƙe sunan farko.

2. Kano da ƙasar Sifaniya

Mai karatu ya iya tambaya, ina ruwan Bakano da harshen Sifaniyawa? Amsa ita ce dangantakar ta daɗe, ko da ya ke da farko ta hanyar Larabci ta biyo. Ibn Malik, mai Alfiyya da Lamiyyatul Af'ali, littattafan da a ke koyon nahawu da sarfu da su a zaurukan Madabo da sauran unguwannin birni, an haife shi ne a Jayyan ta ƙasar Andalus, garin da Sifaniyawa ke kira Jaén, ya rasu a Dimashƙa a 1274. Alfazazi mai Ishiriniya shi ma haifaffen Ƙurɗuba ne. A 1492, zamanin da Muhammadu Rumfa ke sarautar Kano, aka ci Garnaɗa, a shekarar nan kuma Antonio de Nebrija ya buga littafin nahawun Sifaniyanci na farko. Wani haifaffen Garnaɗa, Alhasan Alwazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ba da labarin Kano cikin littafinsa da aka buga a Italiya a 1550. Har yanzu akwai kalmomin da harsunan biyu suka ara daga wuri ɗaya: alƙali na Hausa da alcalde na Sifaniyanci duk daga Larabci su ke, sai dai su can magajin gari su ke nufi da ita.

Ta wajen zamani kuma, Sifaniyanci na ɗaya daga cikin harsuna 6 na Majalisar Ɗinkin Duniya, masu jinsa tun daga nono sun kai wajen miliyan 500. Shi ne babban harshen hukuma a Ikwatoriyal Gini, wadda ta sami mulkin kai a 1968. A 1942 aka ƙulla yarjejeniyar kai leburori daga Nijeriya zuwa gonakin koko na tsibirin Fernando Po, Hausawa 'yan kasuwa kuwa sun zauna a Malabo da Bata. Ga kuma samarin Kano da ke cika gidajen kallon ƙwallo duk ran da Real Madrid da Barcelona za su kara, ga waɗanda neman ilmi ko neman abinci ya kai su Sifaniya kanta. Saboda haka malamin harshe ba zai rasa mai tambayarsa ba.

3. Siffar fi'ilin

Asalin actuar daga Latin ne, daga actus, watau abin da aka aikata. Yana cikin rukunin fi'ilan da ke ƙarewa da -ar, wanda ya fi sauran rukunan biyu yawa. Abu na farko da zai ba Bahaushe mamaki shi ne wurin da a ke nuna mai aiki da lokacin aikin. A Hausa lamirin da ke gaban fi'ili shi ke ɗauke da wannan nauyi: na yi, ka yi, kin yi, muna yi, za su yi. Fi'ilin kansa ya kan sāke ne saboda wani dalili dabam, kamar irin abin da ya biyo bayansa, ko rukunin da ya faɗa cikin rukunai 7 da F. W. Parsons ya tsara a 1960. A Sifaniyanci kuwa ƙeyar kalma ce ke sākewa:

actúo, ina yi. Actúas, kana yi ko kina yi. Actúa, yana yi ko tana yi. Actuamos, muna yi. Actuáis, kuna yi. Actúan, suna yi.

actué, na yi. Actuaste, ka yi ko kin yi. Actuó, ya yi ko ta yi. Actuamos, mun yi. Actuasteis, kun yi. Actuaron, sun yi.

Ɗalibin da ya yi sarfu a zaure ba baƙo ba ne ga wannan tsari, gama ya riga ya haddace fa'altu, fa'alta, fa'ala, ya kuma san lamirin da ke ɓoye cikin fi'ili ba tare da an ambace shi ba. Ta wannan fuska ya fi wanda Ingilishi kaɗai ya sani saurin kamawa. Sai dai a faɗakar da shi abu uku. Na ɗaya, fi'ilin Sifaniyanci ba ya bambanta namiji da mace. Na biyu, actuamos na ɗaukar “muna yi” da “mun yi” duka, sai jimla ta raba gardama. Na uku, in za a girmama wanda a ke magana da shi, a kan ce usted actúa, watau a yi masa magana da siffar wanda ba ya nan. Wannan bai yi nisa da al'adar Kano ba, inda yaro ba zai ce wa dattijo “ka kwana lafiya” ba, sai “an kwana lafiya”, ko “Malam ya tashi lafiya”.

Abu na biyu shi ne ɗigon nan mai kama da wasalin fataha da a ke sa wa bisa wasali. Yana nuna gaɓar da a ke dannawa da ƙarfi, kuma a wannan fi'ili shi kaɗai ke raba ma'anoni biyu:

(1) actúo, ina yi. Actuó, ya yi.
(2) actúe, ya yi, na umurni ko fata. Actué, na yi.

Danna gaɓa ba daidai ya ke da karin sautin Hausa ba, amma kunnen da ya saba da ɗaya ba ya wahala wajen jin ɗayan. Bahaushe ya san bambancin kuka na hawaye da kuka ta miya. Ya san kuma “Audu ya zo” na labari, mai dogon wasali da sautin sama, dabam ya ke da “a ce wa Audu ya zo”, mai gajeren wasali da sautin ƙasa, ko da ya ke rubutun boko bai raba su ba. Misali na (2) kusan wannan bambanci ne, sai dai Sifaniyawa suna rubuta nasu. Kwalejin harshen Sifaniyanci da aka kafa a Madrid a 1713 ta ɗauki actuar abin koyi ga fi'ilai irinsa, kamar continuar, ci gaba, da situar, ajiye a wuri, waɗanda a ke danna wasalin u a cikinsu. Wanda ya ƙware a kansa ya sami sauran a ɓagas.

Wajen furuci, tsofaffin kalmomin aro irin su likita sun nuna yadda harshen Bahaushe ke son cusa wasali tsakanin k da t. Amma tun da ya ke mutanen yanzu na faɗin Oktoba da darakta ba da wahala ba, malami sai ya kafa misali da su, ya hana “akituwa”.

Abu na uku shi ne lokaci. Lamirin Hausa ya fi kula da ko aiki ya kammala ko bai kammala ba, shi ya sa “yana wasa” ke zama daidai ko da jiya, ko da yau. Sifaniyanci kuwa tilas mai magana ya zaɓa: actúa ko está actuando in yanzu ne, actuaba in a da ne aikin ke gudana ko a ke yinsa bisa sabo, actuó in ya faru ya ƙare.

4. Ma'anoninsa

Ma'ana ta farko ita ce tashi a yi abin da hali ya kira, kishiyar zama a naɗe hannu:

(3) El médico actuó a tiempo. Likita ya yi abin da ya kamata da wuri.
(4) Hay que actuar ya. Dole a tashi tsaye yanzu.

A nan ne fassarar “ɗaukar mataki”, wadda ta yawaita a bakin 'yan jarida, ta ke dacewa. Daga wannan ma'ana aka sami ta shari'a, watau hukuma ta bi kadin wani al'amari, aka kuma sami ta magani:

(5) La medicina actúa en una hora. Maganin ya kan fara aiki cikin awa ɗaya.

Ma'ana ta biyu ita ce yadda mutum ya tafiyar da kansa cikin wani al'amari. A nan akwai wata ƙa'ida mai amfani. Inda Sifaniyanci ke kawo actuar ya bi shi da bayanin yadda aka yi, Hausa ta kan kawo “yi” ta bi shi da sunan halin:

(6) Actuó con prudencia. Ya yi hattara.
(7) Actuó como un niño. Ya yi yarinta.
(8) Actuó de buena fe. Da zuciya ɗaya ya yi.

Haka a ke samun ya yi dattako, ya yi wauta, ya yi mazakuta, ya yi rowa. Amma kada a fassara actuar da “hali” kai tsaye. Hausawa na cewa hali zanen dutse, watau abu ne zaunanne wanda ba ya kankaruwa, Sifaniyawa kuwa carácter su ke kiran wannan. Shi actuar abin da mutum ya yi ne a wata rana ko a wani wuri, mai kirki ma ya iya yin ba daidai ba sau ɗaya. Ladabin yaro a gida ko a makaranta kuma da portarse ko comportarse a ke faɗinsa.

Ma'ana ta uku ita ce tsayawa a wani matsayi. A nan ƙaramar kalmar un, mai kama da “wani”, tana juya magana:

(9) Actuó como juez. Shi ya yi alƙalanci.
(10) Actuó como un juez. Ya yi kamar wani alƙali.

A (9) mutumin yana da ikon yanke hukunci, a (10) kuwa ba lalle ne yana da shi ba, kama kawai ya yi.

Ma'ana ta huɗu ita ce fitowa gaban 'yan kallo, ko cikin wasan kwaikwayo, ko fim, ko waƙa da kiɗa. Daga nan aka sami actor da actriz, ɗan wasa da 'yar wasa, da actuación, wasan da aka yi. Yaran da ke zaga gidajen Yalwa da Ƙofar Mazugal da tashe daga goma ga watan azumi, wani ya liƙa gemun auduga ya zama tsoho, wani ya cusa tsumma ya zama mai tumbi, da 'yan kama masu kwaikwayon karatun malamai, da 'yan fim tun daga Turmin Danya na 1990, duk wannan fi'ili ya game su. Daga wannan ma'ana kuma ta biyar ta tsiro, ta zargi: está actuando, watau ba da gaske ya ke ba, yi ya ke don a gani.

5. Wuraren tuntuɓe

Tuntuɓe na farko daga “aikata” ya ke zuwa. Fi'ilin Hausa yana son karɓau: ya aikata laifi, ya aikata alheri. Shi kuwa actuar galibi ba ya ɗaukar karɓau. Aikata laifi cometer ne, yin abu da hannu hacer ne, yin aiki don a sami abinci trabajar ne. Wanda ya ɗauka duk inda Hausa ta ce “yi” zai sa actuar, zai ɓata jimla tara cikin goma, gama hacer ne ya fi kusa da “yi” wajen faɗi.

Na biyu daga “wasa” ya ke zuwa. Kamar yadda actuar ya tara abin da Hausa ta raba, haka “wasa” ta tara abin da Sifaniyanci ya raba. Wasan yara da wasan ƙwallo jugar ne, wasan baki irin na jika da kaka ko na taubasai bromear ne, wasan dandamali shi ne actuar. Ɗan ƙwallo juega a ke ce masa, ko da ya ke mai sharhi ya iya yaba actuación ɗinsa bayan an tashi.

Na uku daga Ingilishi ya ke zuwa, tun da ya ke yawancin ɗaliban Nijeriya ta nan su ke biyowa. Kalmar actual ta Sifaniyanci “na yanzu” ta ke nufi, ba “na haƙiƙa” ba. Muƙaddashi ko mai riƙon ƙwarya kuma interino ne, ko a ce en funciones, ba a gina sunansa daga actuar.

Na huɗu shi ne mafi nauyi, domin ya wuce nahawu. A tunanin Bahaushe aiki da wasa kishiyoyi ne. In aka ce “ba wasa ba” an ƙarfafa magana ke nan, in aka ce mutum ya yi wasa da abu, ya yi sakaci da shi. Sifaniyanci ya iya barin jimla a tsakani, amma mai fassara zuwa Hausa ba shi da wannan dama. A ɗauki labarin Barbushe cikin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908. An ce a Dala ya ke zaune, shi kaɗai ke shiga wurin tsafin Tsumburbura, ya fito ya gaya wa jama'a abin da zai auku cikin shekara. In wani ya rubuta

(11) Barbushe actuaba ante el pueblo,

mai fassara na da hanya biyu: “yana gudanar da aikinsa a gaban jama'a”, ko “yana yi wa jama'a wasa”. Ta farko ta ba da labari yadda mabiyansa suka ɗauke shi, ta biyu ta yanke masa hukuncin da mai rubutun bai furta ba. Irin wannan ya kan taso duk inda a ke bayanin hawan bori, inda masu abin ke cewa iska ce ke aiki, masu nazari kuwa na lissafa shi cikin wasannin gargajiya.

Haka kuma Malam Aminu Kano, wanda gidansa na Gwammaja ya zama cibiyar nazari ta Jami'ar Bayero bayan rasuwarsa a 1983, ya rubuta wasannin kwaikwayo tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, kafin ya shiga siyasa. Abin da 'yan wasa ke yi bisa dandamali da abin da shi ya yi daga baya a fagen jama'a, Sifaniyanci ya iya kiransu da fi'ili ɗaya ba tare da raini ba. Bahaushen da ya kira na biyun wasa kuwa ya yi zagi.

Abin ya fi tsanani ga tafinta a kotu ko asibiti. Actuó solo a bakin mai gabatar da ƙara na nufin shi kaɗai ya aikata, ba shi da abokin laifi. Actuó en defensa propia na nufin kare kansa ya yi. In kuwa aka ce da majiyyaci está actuando, ana tuhumarsa ne da ciwon ƙarya, kuma ya kamata ya ji haka sarai domin ya kare kansa. Kuskure a ɗayan waɗannan ya iya jawo wa mutum ɗauri, ko ya hana shi magani.

6. Shawara ga malamai

Na farko, kada a rubuta actuar a allo da kalmar Hausa ɗaya a gefensa. A ba da shi cikin jimla, kowace ma'ana da tata, a sa ɗalibai su nemo Hausar da mutumin unguwarsu zai faɗa a wannan wuri, ba wadda ƙamus ya bayar ba.

Na biyu, a fara daga abin da ɗalibi ya zo da shi. Wanda ya yi sarfu a jera masa actué, actuaste, actuó kusa da fa'altu, fa'alta, fa'ala. Wanda bai yi ba a nuna masa cewa abin da Hausa ke sa wa a goshi shi Sifaniyanci ke sa wa a ƙeya.

Na uku, a horar da kunne kafin hannu. Malami ya faɗi actúo da actuó a cakuɗe, ɗalibai su amsa da “ni” ko “shi”, sa'an nan a koma ga actúe da actué. Sai sun daina kuskure a ji za a nuna musu ɗigon a rubuce, a kuma riƙa cire maki ga wanda ya bar shi.

Na huɗu, a juya gwajin. A ba su jimlolin Hausa masu “yi” da “aikata” da “wasa” da “hali”, su ware waɗanda actuar zai shiga daga waɗanda ba zai shiga ba, su faɗi dalili. Wannan ya fi fassara daga Sifaniyanci tona inda rauni ya ke.

Na biyar, a yi ɗan wasa a aji. Alal misali rigimar ciniki a Kasuwar Kurmi wadda ta kai gaban alƙali: ɗalibi ɗaya ya tsaya tafinta, ɗaya ya yi rantsuwa da zuciya ɗaya ya yi, ɗaya a zarge shi da kukan ƙarya, alƙali kuma a matsa masa ya yi wani abu. Cikin minti goma duk ma'anonin za su fito, su kansu 'yan ajin kuwa suna cikin aikata ta huɗu. Masu nazarin Hausa na danganta kalmar kwaikwayo da koyo da koyi, saboda haka ba a fita daga hanyar karatu ba in an yi wannan.

Malaman da ke koyarwa a Maraɗi da Damagaram za su tarar da tsarin ya ɗan sāke, domin ɗalibansu ta Faransanci su ke biyowa, inda jouer ya tara wasan yara da na ƙwallo da na dandamali kusan yadda “wasa” ta tara su, aka bar agir ga ma'anar farko. Ya kamata a yi irin wannan gwaji a can, a kuma yi shi ga fi'ilan hacer da jugar, domin a ga iyakar kowanne a kan “yi” da “wasa”.